Ajiye abinci cikin sanyi a ƙaramin jirgin ruwa yayin ƙetare Tekun Atilantika

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Sifaniya, kuma wani abokin aikina ya gayyace ni mu ƙetare Tekun Atilantika a ƙaramin jirginsa mai tafiya da iska, daga Las Palmas ta tsibiran Kanari zuwa Karebiyan, a ƙarshen watan Nuwamba. Mu huɗu ne, tsawon jirgin mita 10, kuma ni aka ɗora wa nauyin abinci. Akwai akwatin sanyi mai cin lita 80 a madafa, amma ba shi da inji, ƙanƙara ake zuba masa. Batiran jirgin na dalma ne, amfiya-awa (Ah) 200 a haɗe, wato yawan wutar da suke ɗauka, sai farantin sola ɗaya mai wat 100. Shin mu dogara da ƙanƙara, ko mu sa injin firji? Kuma yaya za mu yi da nama har tsawon mako uku?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Idan na fahimce ka daidai, kana so ka san ko ƙanƙara za ta iya riƙe muku abinci daga farkon tafiya zuwa ƙarshenta, in kuma ba za ta iya ba, ko wutar da jirgin yake samarwa za ta ɗauki nauyin injin firji. Na fara sana'ata da gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a Kano, daga baya aiki ya kawo ni kan ƙananan jiragen ruwa, kuma irin wannan tambaya taka ita ce ake yi mini kowace shekara idan lokacin ƙetarewa ya gabato. Kusan kowa da inji yake fara tambayarsa, ni kuwa da akwatin nake fara amsawa, domin a jikinsa ne ake cin nasara ko a yi asara.

Ka fara sa tsawon tafiyar a ranka. Daga Las Palmas zuwa tsibirin Sant Lushiya kimanin mil 2,700 ne na teku, kuma ita ce hanyar da ayarin jiragen ARC, wato gangamin ƙananan jirage masu ƙetare Atilantika tare kowace shekara, yake bi a ƙarshen Nuwamba, ayarin da aka fara shi tun 1986. Jirgi mai tsawon mita 10 yakan ci mil 120 zuwa 130 a yini ɗaya da darensa idan iska ta yi kyau, wato kwana 21 zuwa 23, kuma mai hankali yana ƙara mako guda a lissafin abincinsa saboda iska tana iya kwanciya. Sannan kullum kuna ƙara shiga zafi ne. Ruwan teku a tsibiran Kanari yana kusan digiri 22 ko 23 a ma'aunin Selshiyas a wannan lokaci, amma kafin ku isa Karebiyan ya kai 27 ko 28, cikin jirgin kuma yakan wuce 30 da rana. Ma'ana, a daidai lokacin da ƙanƙararku take ƙarewa ne zafin yake ƙara ƙarfi.

Zafin da ke ratsa bangon akwati

Babu na'urar da take ƙera sanyi. Zafi ne yake ratsowa ta bangon akwati dare da rana, ita ƙanƙara tana shanye shi ta narke, shi kuma injin firji yana kwashe shi ya fitar waje. Saboda haka yawan ƙanƙarar da za ku buƙata, ko yawan wutar da inji zai sha, ya dogara ne da kaurin soson da ke tsakanin bangon ciki da na waje, da kuma ko soson a bushe yake.

Bari mu yi lissafi da akwatinku. Akwati mai lita 80 yana da faɗin bango, haɗe da ƙasa da murfi, kimanin murabba'in mita 1.2. Idan cikin jirgi yana digiri 30, cikin akwati kuma 5, tazarar 25 ce. Da soso mai kaurin santimita 5, wanda shi ne abin da na fi tararwa a jiragen da aka ƙera domin yawon ƙarshen mako a Turai, zafin da ke shiga ya kai kimanin wat 18 a kowane lokaci, wato kusan wat-awa 430 a awa 24. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye wat-awa 93 kafin ya narke gaba ɗaya. Ka raba, za ka ga kilo 4 da rabi ne yake narkewa kowace rana ko da ba wanda ya taɓa murfin. A kwana 21 kuna buƙatar fiye da kilo 90, wanda girmansa ya kai lita 100, alhali akwatin duka lita 80 yake ci. Ka ga ke nan ko an cika shi maƙil da ƙanƙara, ba a sa ko tsoka ɗaya ba, ba za ta kai ku gaci ba. Idan kuwa kaurin soson ya kai santimita 10, narkewar takan ragu zuwa kusan rabi, kuma wannan shi ne kaurin da masu aikinmu suke nema ga akwatin firji a ƙasashe masu zafi, na daskarewa kuma santimita 15.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1833 wani ɗan kasuwar Boston mai suna Frederic Tudor ya loda kimanin tan 180 na ƙanƙara a jirgin ruwa zuwa Kalkata ta Indiya, tafiyar kusan wata huɗu wadda aka ƙetare tsakiyar duniya sau biyu a cikinta, kuma kimanin tan 100 ya isa bai narke ba. Babu inji a jirgin. Manyan dunƙulai ne aka jera su a manne da juna, aka lulluɓe su da abin da ke hana zafi shiga. Abu biyun da suka yi masa aiki su ne za su yi muku, wato girman dunƙule da kaurin rufi, sai dai ku ba ku da wurin da yake da shi.

Lissafin da na yi na takarda ne, ban ga akwatinku ba, don haka ka gwada shi da kanka tun kuna tasha. Ka sa ƙanƙara a ciki kwana ɗaya domin bangon ya yi sanyi, sannan ka kwashe ta, ka sa dunƙule mai kilo 10 da ka auna, ka rufe, kada kowa ya buɗe sai bayan awa 24, ka auna abin da ya rage. Idan abin da ya narke bai wuce kilo 2 da rabi ba, akwatin yana da kyau. Idan ya kai kilo 5 ko ya haura, sayen inji kafin gyaran akwati ɗibar ruwa ne da rariya.

Na taɓa yin aiki a wani jirgi da mai shi ya canza injin firji sau biyu cikin shekara uku yana cewa injinan ba su da inganci. Da na huda ƙaramin rami a ƙasan akwatin na tura ƙarfe na zaro, sai ga soson ya fito baƙi, na matse shi da yatsu biyu ruwa ya ɗigo, yana wari irin na tsohon tsumma. Shekara da shekaru laima tana shiga ta wata tsaga a kusurwa tana taruwa a ciki, kuma jiƙaƙƙen soso ba ya tare zafi. Muka yanke bangon, muka kwashe ruɓaɓɓen, muka sa sabo muka toshe kowace kafa, sai ga injin da aka ce ya mutu yana hutawa fiye da yadda yake aiki.

Idan babu lokacin fasa akwati, ana iya manna allunan soso mai tauri, irin shuɗi ko ruwan hoda da ake sa wa gine-gine wanda ba ya shan ruwa, ta cikin akwatin. Amma ka san abin da za ka bayar: santimita 2 da rabi a kowane ɓangare zai mayar da lita 80 zuwa kimanin 55. Ni a ganina wannan ciniki ne mai riba, domin ƙaramin akwati mai riƙe sanyi ya fi babba mai zubar da shi. Ka duba ɓangaren da ke kusa da injin jirgi da wanda ke manne da jikin jirgi inda rana take duka, nan ne ya fi buƙatar ƙari. Ka duba robar bakin murfi ta hanyar rufe shi a kan takarda ka ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, a canza robar. Sannan ka duba magudanar da ke ƙasan akwati, domin iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, kuma za ta riƙa silalewa ta wannan rami in ba a toshe shi ko an lanƙwasa bututunsa yadda ruwa zai tsaya a ciki ba. Wannan dalilin ne kuma ya sa akwatin da ake buɗewa ta sama ya fi mai ƙofa a gaba dacewa da jirgi.

Iyakar abin da ƙanƙara za ta yi

A akwati mai kyau, ƙanƙara takan riƙe kwana 5 zuwa 8, wani lokaci ta kai 10 idan an yi tsantseni. Dunƙule ɗaya babba ya fi ƙananan gutsattsari daɗewa nesa ba kusa ba, domin fuskar da yake nuna wa zafi kaɗan ce idan aka kwatanta da nauyinsa. Abin da na fi so shi ne a cika robobin ruwan sha masu lita 5, a bar ɗan wuri a sama saboda ruwa yana kumbura idan ya daskare, a daskarar da su kwana biyu ko uku a injin daskarewa mai ƙarfi. Ta haka ruwan da ya narke ba ya jiƙa abinci, ba ya gangarawa ƙasan jirgi ya yi wari, kuma a ƙarshe kun sami ruwan sha. Naman ma shi kansa ƙanƙara ne idan an daskarar da shi sosai. Mahauta a Las Palmas sun saba da masu ƙetarewa, sukan yanka nama gwargwadon girkin rana ɗaya, su zuƙe iskar ledar su liƙe, su daskarar. Ka nemi mahaucin halal da wuri ka roƙe shi ya yi maka haka, ka rubuta wa kowace leda ranar da za a ci ta.

Akwai busasshiyar ƙanƙara, wadda sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifiri, kuma tana iya ƙara muku kwanaki. Ban ba ka shawarar ta ba. Ba ta narkewa ta zama ruwa, iskar kabon take zama, mai nauyi, wadda take kwanciya a ƙasa, kuma a ƙaramin jirgi ƙasan nan shi ne inda wanda ya sauka daga gadi yake barci.

Idan mai jirgin ya yarda ku biyo ta Mindelo a tsibiran Cape Verde, tafiyar ta rabu biyu, kimanin mil 850 sannan kimanin 2,100, kuma za ku iya sake lodin ƙanƙara da ɗanyen kaya a can. Ko da haka, zango na biyu ya fi mako biyu, ya wuce ƙarfin ƙanƙara.

Injin firji da lissafin batir

Injin da ya zama ruwan dare a ƙananan jirage shi ne ƙaramin kwamfuresa mai aiki da bolt 12, irin BD35F da kamfanin Danfoss ya yi suna da shi, wanda yanzu ake sayar da shi da sunan Secop. Ana haɗa shi da farantin sanyi a cikin akwatin da kuke da shi, kuma aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya. Yana jan amfiya 3 zuwa 5 lokacin da yake aiki, amma ba kullum yake aiki ba, yana tashi yana hutawa, kuma akwatin ne yake yanke tsawon hutun. A nan gwajin da na ce ka yi zai biya ka: duk kilo ɗaya da ya narke a awa 24 daidai yake da kimanin Ah 5 da injin zai sha a rana. Akwatin da ya narkar da kilo 4 da rabi zai ci Ah 23 zuwa 25 kafin a buɗe shi ko sau ɗaya. Ka ƙara buɗewa da rufewa, da abinci mai ɗumi da ake sakawa, da zafin Karebiyan, sai ka ga an kai Ah 40 ko 50.

Yanzu ka dubi abin da kuke da shi. Batirin dalma ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, in ba haka ba ba ya daɗewa, don haka Ah 200 ɗinku Ah 100 ne a aikace. Farantin sola mai wat 100 yakan bayar da kimanin Ah 25 zuwa 30 a rana mai haske idan babu inuwa, kuma ku yamma kuka dosa, da la'asar filafilan jirgin, wato manyan ƙyallayen da ke kama iska, za su yi wa farantin inuwa. Ga na'urar tuƙi mai sarrafa kanta, wadda a tafiya irin wannan takan sha daidai da firji ko fiye, ga fitilun dare, ga na'urorin nuna hanya da rediyo. Da faranti ɗaya lissafin ba zai tashi ba. Ko dai ku ƙara sola ta kai wat 250 ko 300, ko ku yarda za ku riƙa kunna injin jirgi awa ɗaya zuwa biyu kowace rana, ku kuma lissafa man dizal ɗin da hakan zai ci tun kafin ku tashi. Batirin litiyam yana ba da kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikinsa ko fiye, amma canza shi yana jawo canjin na'urorin caji, kuma ba aikin da za a yi da gaggawa mako biyu kafin tafiya ba ne. Abu ɗaya kuma ban yarda a sassauta a kansa ba: batirin tayar da injin jirgi ya kasance a ware, kada firji ya taɓa shi.

Inda aka ajiye kwamfuresa yana da muhimmanci ƙwarai. Zafin da ya kwaso daga akwati dole ya fitar da shi wani wuri, kuma na sha tarar da shi a kulle cikin ƙaramin kabad babu kafar iska, yana shaƙar zafin da shi da kansa ya fitar. Ka sa hannu a irin wannan kabad ka ji kamar tanda. A huda masa kafa a ƙasa da wata a sama, a sa ƙaramar fanka, a riƙa share ƙurar da ke taruwa a raga. Akwai masu fitar da zafin ta cikin ruwan teku ta wani ƙarfe da ake dasawa a ƙasan jirgi, kuma sun fi kyau a wuraren zafi, amma sai an ɗaga jirgin daga ruwa an huda shi. Wayar wutar ma a sa mai kauri, kai tsaye daga batir da fis nata, domin waɗannan injina suna kashe kansu idan wutar da ta iso gare su ta sauka zuwa kimanin bolt 10.4, kuma siririyar waya mai tsawo tana sa hakan ya faru alhali batir bai ƙare ba.

Wata dabara mai sauƙi ita ce a ƙara ƙarfin sanyi da tsakar rana lokacin da sola take bayarwa, ko lokacin da injin jirgi yake kunne, a bar robobin ruwa a ƙasan akwati su tara sanyin, da dare kuma a rage. Akwati cikakke ya fi wanda rabinsa iska ce riƙe sanyi, don haka duk abin da aka cinye a cike gurbinsa da soso ko tawul mai tsabta.

Idan ba a son taɓa akwatin jirgi, akwai firji na ɗauka mai kwamfuresa, irin na Engel ko Dometic, mai lita 30 zuwa 40. A ɗaure shi da kyau inda iska take ratsawa. Amfaninsa shi ne ana iya mayar da shi na daskarewa, digiri 18 ƙasa da sifiri, ya riƙe nama, ya kuma riƙa daskarar da robobin ruwa ana kai wa babban akwati, sai dai a wannan yanayi wutar da yake sha ta ƙaru sosai. Amma ka kiyayi kular nan mai araha da ake jonawa a mota wadda ba ta da kwamfuresa, domin tana jan amfiya 4 ko 5 ba hutawa, kuma iyakarta ta sauko da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da zafin wurin da take, wato a ɗaki mai digiri 32 namanku yana zaune a digiri 12 ko fiye. Firji mai aiki da gas kuma yana son ya tsaya daidai, jirgi mai tafiya da iska kuwa a karkace yake tafiya, ga harshen wuta da ke ci ba dare ba rana, ga gas da yake taruwa a ƙasan jirgi idan ya zuba.

Na san tunanin randa zai zo maka, domin ni ma ya zo mini. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki ne saboda busasshiyar iskarmu tana ɗauke ruwa da sauri, ta tafi da zafi. Iskar teku ta riga ta ƙoshi da laima, sau da yawa kashi 70 zuwa 80 cikin 100, don haka jiƙaƙƙen tsumma a jikin gora zai sauko da ita 'yan digiri kaɗan ne kawai. Ya isa ruwan sha ya daina ɗumi, amma bai isa nama ba.

Abin da ya cancanci wuri a cikin akwati

A nan ne Bahaushe yake da abin da abokan tafiyarsa ba su da shi, domin mun taso a gidajen da ake ajiye abinci wata da watanni babu firji. Wani matuƙin jirgi ɗan Birtaniya, Robin Knox-Johnston, ya zagaye duniya shi kaɗai ba tsayawa daga 1968 zuwa 1969, kwana 312 a jirgin da bai kai mita 10 ba, kuma abincin gwangwani ne ya riƙe shi. Ku mako uku kawai za ku yi. Kilishi da dambun nama da aka soya ya bushe sosai, idan aka zuba su a mazubi mai murfi da ba ya shigar da iska, za su yi muku tafiyar duka, amma a raba su ƙananan ƙulli, domin laimar teku tana sa su fumfuna da zarar an fara buɗewa ana rufewa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin rogo, shinkafa, wake, dabino, madarar gari da man shanu da aka soya, babu wanda yake neman sanyi a cikinsu. Ka dai tuna ƙasashe da yawa suna hana shigo da nama, don haka ku cinye shi kafin ku isa, ko ku bayyana shi ga jami'an tasha.

Ƙwai a Sifaniya ba a wanke shi kafin a sayar, shi ya sa kake ganinsa a kan kanta ba a firji ba, kuma irin wannan yana yin mako uku ko fiye idan sabo ne, ana juya kwalinsa duk bayan kwana biyu ko uku. A riƙa fasa kowanne a kofi daban kafin a zuba a tukunya. Albasa, dankali, kabewa, kabeji, tafarnuwa da lemo suna daɗewa a raga ko kwando inda iska take ratsawa, amma a raba albasa da dankali, a kuma nisantar da ayaba da tuffa daga sauran kaya domin suna fitar da iskar da ke nunar da na kusa da su. Tumatir a sayo shi kashi uku, ja da mai shirin ja da kore. Duk kayan da ya taɓa kwana a firjin kanti ba ya jure zama a waje, don haka kasuwa ta fi babban kanti. Kowace safiya mutum ɗaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, wanda ya fara laushi shi ne abincin ranar.

Abin da ya rage wa akwati kaɗan ne: ɗanyen nama, madarar da aka buɗe, man shanu na Turawa, sauran abincin da aka dafa, da magani idan akwai mai buƙata. Babban ɓarawon sanyi kuwa shi ne ruwan sha. Sauko da lita ɗaya daga digiri 28 zuwa 5 yana cin wat-awa 27, don haka lita 6 a rana ya haura kashi ɗaya cikin uku na duk zafin da ke ratsa bangon akwatin. Ban ce a hana mutane ruwan sanyi ba, domin kofi ɗaya bayan gadin rana yana gyara zuciya, amma a ƙayyade shi, a kuma buɗe akwatin sau biyu ko uku a rana, wanda zai buɗe ya san abin da zai ɗauka da inda yake.

Ka sayi ma'aunin zafi mai waya wanda ake karantawa daga waje, ka sa bakinsa a saman akwati inda ya fi ɗumi. Digiri 5 ko ƙasa da haka ake nema. Tsakanin 5 da 60 ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, a zafin Karebiyan ma awa ɗaya. Ka kula da dafaffiyar shinkafa musamman, domin gubar da take yi idan ta kwana a ɗumi ba ta mutuwa da ɗumame. Haka kifin da za ku kama a hanya, tuna ko dorado: idan aka bar shi a rana yana tara wata guba da ke kawo jan fuska, ƙaiƙayi da ciwon kai jim kaɗan bayan an ci, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A yanka shi nan take, a zubar da jinin, a fitar da kayan ciki, a sa abin da za a ci gobe a wuri mafi sanyi, a daina jefa ƙugiya sai an cinye. Gudawa da amai a tsakiyar teku, mil 1,000 daga likita, a jirgin da mutum huɗu suke karɓa-karɓar gadi, ba ƙaramin haɗari ba ne. Duk abin da aka yi shakkarsa a zubar.

Da ni ne a matsayinka, zan gwada akwatin a wannan makon, in ƙara masa soso in canza robar murfi, in sa ƙaramin kwamfuresa, in roƙi mai jirgi ya ƙara sola. Amma zan tsara abincin kamar injin zai mutu a rana ta biyar, domin na ga hakan ya faru, kuma ba a samun mai gyara a can. Makon farko ɗanyen nama, kaza da niƙaƙƙen nama a fara da su, jan nama mai kauri ya biyo baya. Mako na biyu ƙwai, kifin da Allah ya hore da ragowar kayan lambu. Mako na uku kilishi, wake da gwangwani. Idan akwai mai amfani da insulin a cikinku, wanda ake ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8 kuma daskarewa tana lalata shi, ya zauna da likitansa kafin tafiya su tsara abin da zai yi idan sanyi ya yanke, domin wannan fannin likita ne ba na mai gyaran firji ba. In ka yi gwajin, ka rubuto mini kilo nawa ya narke da kuma zafin cikin jirgi a ranar, sai mu fitar da girman injin da adadin solar da za su ishe ku.